Wa Ya Isa Ya Yi Wasa da Mamaci?

Rabilu Musa Ibro ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, amma har gobe in ka zauna teburin mai shayi a Bagudo ko Illo ko Ka'oje, da wuya a tashi hira ba wani ya kunna guntun fim ɗinsa a waya ba. Sai a yi cincirindo a kan wayar ana ƙyaƙyata dariya. Can wani ya share ƙwalla ya ce "Allah ya jiƙan Ibro," a amsa da amin, a sake mayar da bidiyon farko. Ba mu cika lura da abin da muka yi ba: a zama ɗaya mun roƙa wa mutum sauƙin kabari, mun kuma yi dariyar tafiyarsa da zare idonsa.

Wasunmu abin na damunsu. Da Kamal Aboki ya rasu a hatsarin mota a Janairun 2023, da kuma lokacin da Saratu Giɗaɗo, wato Daso, ta rasu a Afrilun 2024, gardamar iri ɗaya ce ta tashi a wayoyinmu. Wasu suka ce a goge bidiyoyin, a bar bayin Allah su kwanta lafiya. Wasu suka ce ai da wannan barkwancin aka san su, da shi suka ci abinci, da shi suka sa marar lafiya ya manta ciwonsa na ɗan lokaci.

To, waɗannan sana'arsu ke nan, da kansu suka miƙa fuskarsu ga jama'a. Tambayar ta fi wuya idan mamacin ba ɗan wasa ba ne. Mu ƙaddara wasu mata uku teloli suna haɗa shago ɗaya a Bagudo. Ɗayarsu ita ce gishirin shagon: in ta auna ƙugu da tef sai ta ƙara inci biyu ta ce na tuwon gobe ne, in ta ɗora miyar kifi a bayan shago sai ta manta da ita har ƙauri ya kori masu kawo ɗinki. Allah ya yi mata rasuwa. Da shekara ta zagayo, sauran biyun suka jingina waya a jikin keken ɗinkinta, suka buɗe shiri kai-tsaye a Facebook. Suna yanka atamfa yadda take yankawa, suna kwaikwayon faɗanta da allura in ta karye, tukunya na tafasa a gefe, su da masu kallo ana ta dariya, wani lokaci muryar ɗayarsu ta sarƙe ta yi shiru. Sun yi daidai, ko sun yi wasa da abin da ba a wasa da shi?

Mai cewa ba su kyauta ba yana da hujja, kuma bai kamata mu yi masa kallon wanda bai san zamani ba. Wasa tsakanin mutum biyu ne. In ka tsokani abokinka, yana da bakin ramawa, yana da ikon ɗaure fuska ya ce ya isa haka. Mamaci ba shi da ko ɗaya. Duk abin da aka faɗa a kansa ya zauna. Ban da haka, mutuwa wa'azi ce ga masu rai, kuma dariya tana iya zama hanyar toshe kunne. Akwai kuma mahaifiya, wadda ƙila tana ɗakinta za ta ji muryar 'yarta na fitowa daga wayar maƙwabta, a bakin wata.

Sai dai mu Hausawa ba yau muka fara kai dariya kusa da makoki ba. Idan tsoho ko tsohuwa ta rasu bayan ta ga jikoki da tattaɓa-kunne, a wurare da yawa jikokin kan ɗauki sandarta ko mayafinta su riƙa kwaikwayon tafiyarta da mitarta, suna tsokanar iyayensu da ke cikin jimami har sai an sallame su da ɗan wani abu. 'Ya'yan mamaciyar ba sa yin haka, baƙo ma ba ya yi. Jika ne kaɗai, domin tun tana raye shi ne mijinta na wasa ko kishiyarta. Haka taubasai, haka Kabawa da Katsinawa, haka Fulani da Barebari. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasa na dangi, kamar yadda ake yin sa a Nijar, cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Abin da al'adar ta gane shi ne, ikon yin wasa da mutum abu ne da ake samu tun yana da rai, shi da kansa yake ba da shi, kuma mutuwa ba ta soke shi. Amma ba ta raba shi ga kowa da kowa ba.

Ta fuskar addini ma, ba mu ga inda aka ɗora wa mai rai zaman baƙin ciki har abada ba. Kwana uku aka ba mu na makoki, in ban da matar mamaci da ke takaba wata huɗu da kwana goma. An umarce mu da kame baki daga aibanta matattu. Kuma ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW), shekaru bayan rasuwar Nana Khadija, yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da naman. Wato ya tuna ta da abinci, ya kuma tuna ta ta hanyar mutanen da ta so. Sahabbai kuwa sukan zauna bayan sallar asuba su tuno abubuwan zamanin jahiliyya su yi dariya, shi yana murmushi. Hukuncin kowane irin shiri na malamai ne, mu ba fatawa muke bayarwa ba. Muna dai cewa tukunya da murmushi ba baƙi ba ne a wurin tuna wanda ya tafi.

Akwai ma gaskiyar da dariya kaɗai ke iya riƙewa. Ku saurari abin da muke faɗa a zaman ta'aziyya: mai haƙuri ce, mai zumunci ce, ba ta da abokin faɗa. Duka alheri ne, amma kalmomin nan sun yi wa kowane mamaci daidai, kamar rigar da aka ɗinka ba a yi awo ba. Bayan shekara biyar, ɗan da ta bari yana goye ba zai san uwarsa daga cikinsu ba. Inci biyun nan na tuwon gobe kuwa nata ne ita kaɗai. Ranar da aka daina ba da labarinsa, wani abu nata ya sake mutuwa.

Mu da ke bakin iyaka muna da ƙarin dalili. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta tsaga ƙasar Borgu gida biyu, ta bar dangi ɗaya wasu na kashe naira wasu sefa. Wanda ya bi ta Tsamiya zai faɗa Segbana, wanda ya bi ta Lolo yana kan hanyar Malanbil, kuma Hausa da Dandanci da Fulatanci duk suna tsallakawa ba takarda. Telar Bagudo tana iya samun masu kawo mata ɗinki da ƙawayen ƙuruciya a wancan ɓangaren fiye da Birnin Kebbi. Mun ga yadda abin ya kasance da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019: zuwa gaisuwar mutuwa a garin da ba shi da nisa ya zama sai an yi lissafi. Ga ƙawar da ta yi aure a Benin, wadda ba ta samu zaman uku ba balle na bakwai, shirin kai-tsayen nan shi ne tabarmar makokin da ta rasa. A nan za ta rubuta, "Wallahi haka take yi," ta yi kukanta cikin mutanen da suka san abin da take kuka a kai.

Amma wayar da ta shigo da ƙawar Segbana ita ce ke shigo da wanda bai taɓa ganin marigayiyar ba. Nan ne muke ganin matsalar take, fiye da a dariyar kanta. Jikoki a tsakar gida suke wasansu, gaban waɗanda suka san kakar. Intanet ba shi da zaure, ba a sallama. Wani zai yanke daƙiƙa ashirin na ƙonewar miya ya watsa a TikTok, mutane dubu su yi dariyar wata sakarar mata da ba ta iya girki ba, alhali ita ce ta ciyar da yaran shagon shekara da shekaru. Sannan ga kuɗi. Da zarar masu kallo sun fara yawa, kyaututtuka sun fara shigowa, zuciya za ta fara raɗa cewa a sake yi mako mai zuwa, a ƙara gishiri, a tono abin da ita kanta ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba. Daga nan ƙawa ta koma jari, kuma masu yin ba lalle su san ranar da hakan ta faru ba.

Shi ya sa muke ganin ƙawayen nan biyu suna da ikon yin shirinsu, irin ikon da jika ke da shi, amma da nauyin da ke tafe da shi. Taubashin da ya fi kowa tsokanarka shi ne ake sa ran gani a gaba ranar da rufin ɗakinka ya yaye. Barkwancin da za su yi ya zama wanda ita ta fara yi da bakinta, wanda da tana zaune a kan kekenta za ta rama. Rigunan da aka ɗinka a shirin su tafi jikin 'ya'yanta, abincin ya fita sadaka, abin da ya shigo ta waya a san inda ya nufa. Kafin duk wannan kuma, su je su durƙusa gaban mahaifiyarta su ce, "Inna, ga abin da muke so mu yi." Tana iya yin murmushi ta ƙara musu wani labarin da ba su sani ba. Tana iya cewa a bari tukuna, ko a bari gaba ɗaya. In ta ce haka, sai a ajiye wayar, a dafa miyar kifin, a kai mata kwano ɗaya.