Bulala Arba'in, Kada a Ƙara: Ya Dace a Biya Ɗaurarre Diyya?

Wata ran Lahadi bayan an tashi daga sujada, muna zaune a inuwar majami'a sai hira ta kai mu ga labarin wata ƙasar Turai inda gwamnati ke biyan ɗaurarru kuɗi saboda wahalar da suka sha a gidan yari. Wani dattijon ikkilisiya, wanda ɓarayi suka taɓa fasa masa shago suka bar shi da bashi, ya dube ni ya ce, "Malam, ashe haka duniya ta juya? Ni da aka yi wa sata ko kwabo ban samu ba, ɓarawon kuma a biya shi don ɗakinsa ya matse?" Na ce masa, "Baba, maganarka tana da nauyi, ka ba ni lokaci in yi tunani." Wannan rubutu shi ne amsar da na yi masa alkawari, na kuma san akwai iyalai da yawa masu irin tambayarsa.

Abin da ya faru a Italiya

Ƙasar da muke magana a kanta ita ce Italiya. A watan Janairu na 2013, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, wadda ke zama a birnin Strasbourg na Faransa, ta yanke hukunci a ƙarar wasu ɗaurarru 7, ƙarar da aka sani da sunan Torreggiani. An tsare su a gidajen yari na garuruwan Busto Arsizio da Piacenza, mutum 3 a ɗaki mai faɗin murabba'in mita 9. Wato rabon kowannensu murabba'in mita 3 ne, wurin da bai kai shimfiɗar ƙananan katifu biyu ba, ga kuma ƙarancin ruwan zafi, a wasu ɗakunan har da ƙarancin haske. A lokacin ƙasar tana tsare da mutum wajen 66,000 a gidajen da aka gina domin wajen 47,000.

Kotun ta ce wannan ya saɓa wa sashe na 3 na yarjejeniyar Turai ta 1950, wanda ya hana azabtarwa da duk wani horo na rashin imani ko na wulaƙanci. Sashen nan ba shi da togaciya, ko a lokacin yaƙi ba a jingine shi. Aka umarci Italiya ta biya mutanen 7 kusan Yuro 100,000 a haɗe, aka kuma ba ta shekara ɗaya ta buɗe wa sauran ɗaurarru hanyar kai kuka a cikin gida. A 2014 ta yi doka: wanda ya zauna cikin irin wannan hali, a rage masa kwana 1 daga wa'adinsa a kan kowane kwana 10 da ya sha wahala, wanda kuwa ya riga ya fita, a ba shi Yuro 8 a kan kowace rana. In aka lissafa, shekara guda ta wahala tana jawo ragin kwana 36, ko kuwa Yuro 2,920.

Hukunci yana da iyaka

Tambayar da za mu fara yi ita ce: mene ne alƙali ya yanke wa mai laifi? In ya ce shekara 5, abin da ya ɗauke masa shi ne 'yancin zuwa inda ya ga dama har shekara 5. Bai rubuta cewa a kwantar da shi a tsaye ba, ko ya kwana kusa da bokitin bahaya, ko tarin fuka ya kama shi. Duk abin da aka ɗora a kan wa'adin nan, ƙarin horo ne wanda babu kotun da ta yanke shi, babu kuma wanda ya sa hannu a kansa. Horon da ba a yanke ba kuwa sunansa zalunci, ko a kan wa ya faɗa.

Wannan tunani ya girmi kotunan Turai da dubban shekaru. A Maimaitawar Shari'a 25:1-3 an yarda a yi wa mai laifi bulala, amma a gaban alƙali, da ƙidaya daidai da laifinsa, kada kuma ta wuce arba'in. Dalilin da aka bayar shi ne don kada mutumin ya wulaƙanta a idon jama'a. Abin lura shi ne, a daidai lokacin da yake kwance ana dukansa, Shari'a tana kiransa ɗan'uwa. Laifinsa ya jawo masa bulala, amma bai fitar da shi daga zuriyar waɗanda aka halitta cikin siffar Allah ba. Yahudawa sun ɗauki iyakar nan da muhimmanci har suka riƙa tsayawa a talatin da tara don gudun kuskuren ƙidaya, kamar yadda Manzo Bulus ya ba da labarin abin da ya same shi a 2 Korintiyawa 11:24. Cunkoso da ƙazanta da yunwa a kurkuku su ne bulala ta arba'in da ɗaya.

Mukan karanta Romawa 13 mu tuna cewa hukuma tana riƙe da takobi domin horon mai mugunta, gaskiya ne kuwa. Amma nassin ya kira ta ma'aikaciyar Allah, ma'aikaci kuma yana da ubangida da zai ba shi lissafi. Ranar da hukuma ta kulle mutum, ta hana shi neman abincinsa da maganinsa da wurin kwanansa da kansa, ranar nan ta ɗauki nauyin waɗannan abubuwa a wuyanta. Wanda ya ɗaure akuya, shi ke kai mata ciyawa da ruwa. Balle ɗan Adam.

Diyya ba lada ba ce

A nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Suna jin diyya kamar tukuici ne da aka ba ɓarawo. Amma akwai basussuka guda biyu a cikin al'amarin, kowanne da mai binsa. Na farko shi ne wanda mai laifi ya ci na wanda ya cuta da na jama'a, yana kuma biyansa da shekarun rayuwarsa. Na biyu shi ne wanda hukuma ta ci nasa sa'ad da ta wuce iyakar hukunci. Bashin farko ba ya shafe na biyu. In wanda nake bin kuɗi ya zo wucewa na karya masa hannu, ba zan ce mun yi kunnen doki ba. Zai biya ni kuɗina, ni kuma in biya shi hannunsa.

Shari'ar Musa ta san wannan. A Fitowa 21:26-27, in maigida ya bugi bawansa ya lalata masa ido ko ya fasa masa haƙori, dole ya 'yanta shi a madadin idon ko haƙorin. Ba a tambayi ko bawan ya yi laifin da ya jawo dukan ba. Mai iko ya wuce gona da iri a jikin wanda ke ƙarƙashinsa, sai aka biya marar ƙarfi da 'yanci. Ragin kwanaki da Italiya ta kafa ɗan'uwan wannan ƙa'ida ne.

Mu tuna kuma da Bulus da Sila a Filibi, cikin Ayyukan Manzanni 16. An yi musu dūka a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye, Bulus ya ƙi fita, sai su zo da kansu. Suka zo suka ba su haƙuri. Mutumin da ya koya mana gafara bai ɗauki gafara a matsayin rufe wa hukuma asiri ba. Abin da ya nema shi ne mai iko ya amsa laifinsa a fili, wannan kuwa shi ne zuciyar diyya. Yuro 8 ba farashin mutunci ba ne, domin mutunci ba ya da farashi. Shaida ce a rubuce cewa gwamnati ta ce, "Na yi maka ba daidai ba."

To, wanda aka cuta fa?

Kukan dattijon nan yana nan daram, bai kuwa kamata a share shi ba. Littafi Mai Tsarki yana gefensa: Fitowa 22 ta sa ɓarawo ya mayar da abin da ya sata har da ninki, tuban Zakka kuma a Luka 19 ya bayyana ne wajen mayar wa mutane dukiyarsu. Tsarin da ya tuna da ɗaurarre ya manta da gwauruwar da aka kashe wa miji, gurgun adalci ne. Sai dai wahalar ɓarawo a ɗaki mai wari ba ta mayar wa mai shago ko kwalin sabulu ɗaya. Maganin rashin adalci ga mutum ɗaya shi ne a yi masa adalci, ƙara yawan waɗanda aka zalunta ba ya rage masa hasara. Ana ma iya haɗa biyun: a Amurka wata doka ta 1996 ta ce in aka ba ɗaurarre diyya a ƙarar da ya kai gidan yari, a fara cire abin da kotu ta umarce shi ya biya waɗanda ya cuta kafin saura ya kai hannunsa. A ganina wannan tsari ne mai kyau.

Akwai kuma haɗari na gaske in aka yi ragin kwanaki babu lura. Romaniya ta gwada a 2017, ta rage kwana 6 a kan kowane kwana 30 na mummunan hali. Dubban ɗaurarru suka fita kafin lokaci, wasu suka koma aikata manyan laifuffuka, jama'a suka fusata, majalisa ta soke dokar a ƙarshen 2019. Darasin shi ne, gwamnati ba za ta biya bashinta da tsaron lafiyar talakawa ba.

Haɗari na uku ya fi ɓoyuwa: gwamnati ta ga biyan diyya ya fi gina ɗakuna arha, sai ta mai da ita kamar kuɗin haya, tana biya tana ci gaba da ɓarna. A Italiya yawan ɗaurarru ya sauka zuwa wajen 54,000 a ƙarshen 2014, amma zuwa 2019 ya sāke haura 60,000. Diyyar da ba gyara a bayanta kamar furta zunubi ne ba tuba.

Mu dubi gida

Kotun Strasbourg ba ta da iko a kan Nijeriya, amma ƙa'idar tana cikin dokokinmu. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana azabtarwa da wulaƙanta kowane mutum, bai ware ɗaurarre ba. Sashe na 35(6) ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba, yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Dokar 2019, wadda ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, ta ba shugaban hukumar na jiha ikon ƙin karɓar sababbin ɗaurarru in gida ya cika. Dokoki dai ga su nan a takarda.

Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne, shekara da shekaru alƙaluman hukumar suna nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasarmu masu jiran shari'a ne. Ba a same su da laifi ba tukuna, doka kuma tana ɗaukarsu marasa laifi. Waɗansu rashin kuɗin beli ko na lauya ne kawai ya ajiye su. Saboda haka mai cewa "wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa" ya tuna cewa da yawa a ciki ba a tabbatar sun ɗebo kome ba. Gobe ana iya kwashe matasan unguwa a samame, ɗanka ko nawa yana ciki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya rage gare mu

Sa'ad da aka jefa annabi Irmiya a rijiyar laka, wani bafade Bahabashe, Ebed-melek, ya je gaban sarki ya faɗi gaskiya, sa'an nan ya nemo tsummoki domin igiya kada ta yanke hamatar annabin (Irmiya 38). Ya yi magana da mai iko, ya kuma kula da jikin ɗaurarre. Ikkilisiyoyinmu sun iya na biyun: zumuntar mata da ta matasa suna kai sabulu da abinci da Maganar Allah gidajen yari, Allah ya sāka musu. Na farkon ne muke da rauni a kansa. Lauyoyin da ke cikinmu su ɗauki ƙarar mai jiran shari'a ko da ɗaya a shekara ba tare da kuɗi ba. Gandirobobin da ke cikinmu su tuna da ɗan'uwansu na Filibi wanda ya wanke raunukan ɗaurarrunsa. Majalisun ikkilisiya su ziyarci wanda aka yi wa fashi kamar yadda suke ziyartar wanda aka ɗaure. Iyaye kuma mu lura da kalmomin da muke faɗa a gaban 'ya'yanmu game da 'yan kurkuku, gama Ubangijinmu, a Matiyu 25, ya lissafa kansa a cikinsu.

Baba, ga amsata. Kana da haƙƙi a kan wanda ya fasa maka shago, ina kuma roƙon Allah ya mayar maka da ninki. Shi ma in an zalunce shi a inda aka kulle shi, yana da haƙƙi a kan wanda ya riƙe mabuɗin. Allahn da ya yarda da bulala arba'in shi ne ya hana ta arba'in da ɗaya. Ubangiji ya ba mu zuciyar yin adalci ga kowa. Amin.