Bashin da Ke Wuyan Mai Koyo

Ya mai karatu, ka taɓa tsayawa a Kasuwar Malam Atta a birnin Akra, ka kalli 'yan matan nan masu dako da ake kira kayaye? Yawancinsu daga arewacin Ghana suka zo, suna ɗaukar kayan mutane a ka tun asuba. Ranar da ciwo ya kwantar da ɗayarsu, asibitin gwamnati na Maamobi za a kai ta. In abin ya yi tsanani, a tura ta asibitin koyarwa na Korle Bu. A can ɗalibai masu fararen riguna za su kewaye gadonta, wannan ya danna cikinta, wancan ya saurari ƙirjinta.

Shin daidai ne a koyi aiki a jikin talaka, alhali mai hali yana kwance a asibitin kuɗi?

Gaskiya ce, aikin likita ba ya koyuwa daga littafi kaɗai. Gani ya kori ji. Shi ya sa makarantar likitoci ta Jami'ar Ghana, wadda ta fara a 1962, ta zauna a Korle Bu kusa da majinyata. Daga 1970 kuma ta riƙa kai ɗalibanta ƙauyen Danfa, su ga abin da sauro da gurɓataccen ruwa da nisan asibiti suke yi wa mutanen karkara.

Saboda haka koyon ba laifi ba ne, amma bashi ne. Yarinyar nan malama ce, ko da ba ta taɓa shiga aji ba. Ɗan'uwana ɗalibi, ka gaishe ta, ka kira sunanta. Ka gaya mata kai mai koyo ne, ka nemi izininta kafin ka taɓa ta. In ta ƙi, hakkinta ne. In kuma ka gama karatu aka tura ka ƙauye, kada ka nemi hanyar zamewa, gama daga can malamarka ta fito.

Kai ma da ba likita ba, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tela ya ɓata yadin wani kafin hannunsa ya faɗa.

Abin tunani: A kan wa ka koyi sana'arka? Ka taɓa komawa ka gode masa?