Mai Tsaron Gida: Wa Ke Ƙirga Abin Da Bai Faru Ba?

Duk yamma mukan tsaya bakin fili a nan Gagarawa mu kalli ɗalibanmu suna rabon gurabe kafin su fara ƙwallo. Kowane yaro gaba yake so. Tsaron gida kuwa sai a tura wa mafi ƙanƙanta, ko wanda ya zo a makare. Mun daɗe muna yi wa abin dariya, har ranar da muka tambayi wani yaro dalili. Ya ce, "Malam, in na tare goma ba mai gani, in ɗaya ta wuce har gida za a raka ni da gori."

Maganar yaron nan ta hana mu sakat, domin kuwa ta ɗauko wata tambaya da ta fi ƙwallo girma. Shin da wane mudu za a auna aikin mutumin da nasararsa ita ce kada wani abu ya faru?

Mu duba Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin ƙasa sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. In aka tayar da hirar a tashar Gumel ko a kasuwar Maigatari, sunan Rabi'u Ali da na Gambo Muhammad ne za su fara fitowa. Sai an nisa kafin a tuna da Theophilus Afelokhai, wanda ya tsare musu raga. Ƙwallon da aka ci tana da lamba a allo, wadda aka tare ba ta da ita.

A Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol, inda wannan matsala ta fi fitowa fili. Mutum ɗaya yana jifa da ƙwallo, abokin hamayya yana jiran ya make ta da kulki, a bayansa kuma ga wani a tsugune, fuska a rufe da ƙarfe, yana cafe duk wadda aka kuskure. Wannan macafi shi ke yi wa mai jifa ishara da yatsu kan irin jifan da zai yi. Ranar 8 ga Oktoba 1956, Don Larsen na ƙungiyar Yankees ya fitar da 'yan Dodgers 27 a jere, ba wanda ya kai ko zangon farko. Har yau da sunan Larsen ake kiran wannan wasa, alhali Yogi Berra ne ya tsuguna yana tsara masa jifan. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Amma abin lura shi ne, mutanensa ba su yar da shi ba. Berra ya yi wa Yankees wasa daga 1946 zuwa 1963, ya ci kofi 10 tare da su. Da ya ajiye, sai suka damƙa masa ragamar ƙungiyar a 1964, daga baya kuma ya kai ƙungiyar Mets wasan ƙarshe a 1973. Sun gane cewa a cikin 'yan wasa tara, macafi kaɗai ne ke fuskantar fili gaba ɗaya. Wanda ya daɗe a baya yana hangen kowa, ya tara sanin da na gaba bai da shi.

To, mu fa? Muna da namu macafan. Ga ungozoma, wadda ba a ambatonta sai haihuwa ta zo da gardama. Ga matan da suka bi gida gida da maganin rigakafi, har aka tabbatar a 2020 cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Nijeriya. Wa zai iya nuna mana yaron da bai shanye ba? Mun san wani dattijo da ya shekara kusan talatin yana gadi, ba a taɓa ɗauke ko tsinke ba. Ranar da ya ajiye aiki, ko fatiha ba a taru an yi masa ba. Da sau ɗaya aka yi sata, da kowa ya san sunansa.

Wani zai ce, ai mai aiki don Allah ba ya jiran tafi. Gaskiya ne, kuma ladansa ba ya ɓata. Sai dai wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, bai ɗauke mana namu nauyin ba. Yabon gwani ya zama dole, ba don gwanin kaɗai ba, har don yaran da ke kallo. Inda yabo ya nufa, can yara ke bi. Al'ummar da ba ta girmama mai tarewa, wata rana za ta wayi gari kowa yana gaba, gida kuma a buɗe.

Ya ku 'yan'uwa marubuta, a nan ne namu aikin yake. Allo ba ya ƙirga abin da bai faru ba, amma alƙalami yana iyawa. Jaruman littattafanmu kusan duk masu cin ƙwallo ne. Mu nemi tsoffin da suka tsare mana gida, mu zauna da su tun suna raye, mu rubuta abin da suka hango daga baya.

Shi kuwa yaron nan, yanzu mukan riƙe ɗan littafi muna rubuta masa duk wadda ya tare. Makon jiya ya tare bakwai, mun kuma karanta a gaban 'yan ajinsu. Allah Ya sa mu dace.