Allurar Leɓe: Ko Zunubi Ce?

Wata uwa daga ƙasar Gwaram ta aiko mana da tambaya. 'Yarta ta komo daga makaranta a Kano da leɓe a kumbure, jini ya kwanta kamar an buge ta. Da aka matsa mata, ta ce allurar ado ce aka yi mata domin leɓen ya cika. Uwar tana so ta sani ko ya kamata dattawan Ekklesiya su sa yarinyar cikin horo.

Bari mu fara da yadda a ke yin abin. Ruwan da a ke ɗurawa mai kauri ne kamar jiƙaƙƙen ƙaro, ana ce da shi hayaluronik asid, akwai irinsa kuwa cikin fatar kowane mutum. Amirka ta yarda da na fari, mai suna Restylane, a 2003. Galibi ba a wuce mililita 1, watau ko rabin cokalin shayi bai kai ba, jiki kuma ya kan shanye shi cikin wata 6 zuwa 12. Hanya biyu ce. Ko a yi huda da yawa da allura mai tsini, ko a huda gefen baki a zura siririn bututu marar tsini, wanda ya kan ture jijiyoyin jini maimakon ya tsaga su. Leɓe kuwa cike ya ke da jijiyoyi. Gwani ya kan zuba kaɗan kaɗan, ya danne wurin, ya ɗora ƙanƙara cikin tsumma, ya hana giya, ya hana asfirin in ba likita ne ya sa a sha ba. Kumburin ya fi tsanani kwana biyu na fari, ya kan sauka kafin mako biyu.

To, zunubi ne? Mun duba, ba mu sami dokar da ta ce haka ba. Esta ta yi wata 12 ana gyaran jikinta da mai da turare, Littafi kuwa bai zarge ta ba. Bitrus, cikin wasiƙarsa ta fari sura 3, ya fifita adon zuciya, amma in mun ce ya hana kitso, sai mu hana tufafi kuma, gama tare ya ambace su. Mu kanmu fa, da yawa muna ɗauke da askar wanzami a kumatu, kakanninmu mata kuma suna jan haƙora da fure da goro. Sai dai zanen wanzami domin a gani aka yi shi, yana faɗin gidan mutum. Wannan kuwa, iyakar gwanintarsa kada a gane an yi. Nan ne zuciyarmu ba ta kwanta ba, gama yarinyar da ta biya kuɗi a sake mata baki, wani ne ya fara gaya mata nata bai isa ba, watakila cikin waya, watakila a gida.

Ɓoyon nan kuwa ba rai kaɗai ya ke ɓatawa ba. In ruwan ya shiga jijiyar da ke kai jini, wurin ya kan yi fari ko toka-toka, da zafi ƙwarai, naman ya soma mutuwa. Akwai allurar da ke narkar da shi, hayaluronidas, amma sa'o'i a ke ƙirgawa. Mai shagon kwalliya da ta sayi sirinji a kasuwa da wuya a sami wannan a hannunta. Saboda irin wannan haɗari Ingila ta hana yi wa wanda bai kai shekara 18 ba tun 2021. Ku duba fa, 'yan'uwa. Yarinyar da ta san za a kira sunanta gaban jama'a ran Lahadi, gyale za ta ja ta rufe baki, ta ce rina ce ta harbe ta, har lokacin magani ya wuce. Tsoron horonmu ke nan ya ci mata leɓe.

Domin wannan shawararmu ga dattawa ita ce kada a yi horo, ko da ya ke mu kam ba za mu ce wa 'ya'yanmu su je a yi musu ba. Uwar kuwa mun amsa mata nan take, muka ce ta duba bakin cikin hasken rana. In kwanciyar jini ce kurum, tana kuwa washewa, za ta wuce. In wurin ya yi fari, ko ya yi sanyi, ko zafin yana ƙaruwa, a tafi babban asibitin Birnin Kudu ko Kano a ranar, a faɗa wa likita abin da aka zuba da ranar da aka zuba. Maganar wanda ya ce mata bakinta ba shi da kyau, a bari kumburin ya sauka tukuna, sa'an nan uwar ta kira ta ɗaki ta tambaye ta.