Iskar Sabuwar Taya

Wani saurayi ya sayi rim mai inci 17 a Kofar Ruwa, ya cire na asali mai inci 15 daga Corollarsa. Motar ta yi kyau, wannan kam babu musu. Sai dai kwana biyu da ɗaurawa ya faɗa wani rami a hanyar Zariya, gefen tayar gaba ya kumbura. Ya sayi wata, ya kai wa wani dattijo mai faci da mahaifinsa ya saba da shi.

"Baba, a sa mini 32 duka huɗun, haka aka rubuta a jikin ƙofa."

Yaron shago ya duƙa ya karanta jikin tayar. "Yallaɓai, nan an rubuta 50."

Dattijon bai kunna injin iska ba. Ya fara da yaron nasa: "Wannan 50 ɗin iyakar abin da tayar za ta iya jurewa ne, ba abin da motar ke so ba. Ka cika ta haka, tsakiyarta kaɗai zai taɓa kwalta, ya cinye, birki kuma ya rage kamawa."

Sannan ya juyo ga mai motar. "Kai kuma ɗana, takardar ƙofar nan gaskiya ta faɗa, amma maganar tayar da ka cire take yi. Ɗauko mini tsohuwar."

Aka fito da ita daga but. Ya ɗora yatsa a kan rubutun: 195/65 R15, sai 91 a gaba. Ya ce wannan 91 ɗin yana nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 615. Sabuwar kuwa 215/45 R17 ce, ita ma 91, amma da XL a gefe.

"To ai ɗaya suke, Baba."

"Ba ɗaya ba ne. Iska ce ke ɗaukar mota, roba riƙe ta kawai take yi. Waccan cikinta da zurfi, wannan gajeren gefe gare ta. Tsohuwar tana kai cikakken ƙarfinta a wajen 36, mai XL sai ta kai 42. Nauyin da waccan ke ɗauka a 32, wannan sai ka ba ta kusan 37. Da 32 ka shiga ramin nan, shi ya sa rim ya matse gefenta. Allah ma ya taimake ka ba mai lamba 87 aka sayar maka ba, kilo 545 ce iyakarta, da na ce ka mayar."

Saurayin ya yi shiru, sannan ya ce a sa 37 ɗin. Dattijon ya taɓa tayar da tafin hannu, ya girgiza kai. Ta sha rana da gudu, zafi ya ɗaga iskar cikinta, gejin ba zai faɗi gaskiya ba. Ya ce a bar motar a nan ta kwana.

Da sassafe suka auna, suka sa 37. Dattijon ya ja layin alli a faɗin kowace taya, ya sa saurayin ya ɗan yi gaba a miƙe ya dawo. Allin ya goge daidai daga gefe zuwa gefe. Ya rubuta girman tayar da lambar iskar a ƙaramar takarda, ya manna ta kusa da ta kamfani, ya ce duk wata a kawo a duba kafin rana ta ɗaga.