Haƙƙin Waɗanda Suka Tsare Mana Kasuwa

 

Yawancinmu a wannan masallaci fatauci ne ya kawo mu Mubi, daga Kano da Katsina da Sakkwato da sauran garuruwa. Ba mu manta da ranar 29 ga Oktoba 2014 ba, ranar da Boko Haram ta shigo garin nan har ta sauya masa suna. Muka bar shaguna a buɗe, wasu suka nufi Yola a ƙafa, wasu suka hau duwatsu suka tsallaka Kamaru. A tsakiyar Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato garin, muka dawo da kaɗan-kaɗan. Yau ga tireloli suna lodin shanu a kara. To, wa ya biya kuɗin wannan kwanciyar hankali?

Daga cikin waɗanda suka biya da rayukansu a wannan yaƙi akwai Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, kwamandan bataliya ta 272 ta tankokin yaƙi. Yana cikin waɗanda suka ƙwato Monguno da Baga a jihar Borno a watan Fabrairu 2015, kuma saboda jarumtarsa aka ƙara masa girma daga Manjo a shekarar. Ranar Juma'a, 4 ga Nuwamba 2016, aka kashe shi a Malam Fatori tare da wasu sojojinsa, yana ɗan shekara 36. Aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Abuja. Ɗan jihar Kogi ne, ba shi da shago ko gona a yankin nan, amma a nan ya bar ransa. Ya bar mata da yara ƙanana. Allah Ya jiƙansa, Ya karɓi shahadarsa.

Mun sani wani zai ce, "Malam, ai mu ma muna ganin abin da ake yi mana a shingayen hanya." Gaskiya ne, kuma zalunci haramun ne ko wane ne ya yi shi. Amma laifin wani ba ya shafe haƙƙin wani. Kowa da littafinsa ranar hisabi.

Shi Abu Ali an san sunansa, jaridu sun buga hotonsa. Ina ƙaramin sojan da babu wanda ya ji labarinsa? Ina maharbin da ya fita da bindigar toka bai dawo ba? Matansu da marayunsu suna nan cikin unguwanninmu, wata tana sayar da ƙosai, wani yaron an koro shi daga makaranta saboda kuɗi. Manzon Allah (SAW) ya yi wa mai ɗaukar nauyin maraya albishir da maƙwabtaka da shi a Aljanna. Wane ciniki ne ya fi wannan riba?

Don haka muna roƙon kowane mai shago ya nemi gida ɗaya irin wannan a unguwarsu, Musulmi ne ko Kirista, ya riƙa kai mudun hatsi ko kuɗin makaranta, ba tare da tallata kansa ba. Iyaye mata, ku leƙa matan da aka bari, ko da gaisuwa ce kawai.

Allah Ya gafarta wa mamatanmu, Ya raya marayu, Ya zaunar da Mubi da Najeriya lafiya. Amin.