Gawa a Ƙofar Majami'a

Akwai wani ƙauye a ƙasar Ingila wanda ba ya cikin taswira, amma duk mai karatun labaran binciken kisan kai ya san lungunansa kamar na unguwarsu. Yana da tsohuwar majami'a ta dutse, da mashaya guda, da ɗan kanti inda ake sayen sukari a samu gyaran tsegumi, da tsofaffin mata masu leƙe ta bayan labule. Kowa ya san kowa. Sai wata safiya a tsinci gawa a cikin lambu ko ɗakin karatu. Ɗan sanda ya zo, ya yi ƴan rubuce-rubucensa, ya kama wanda bai ji ba bai gani ba. Daga nan sai limamin majami'ar, mutum marar kwarjini, da tsohuwar lema a hannu, ya bi gida-gida yana shan shayi yana sauraron hira, kafin a farga ya gano wanda ya yi aika-aikar.

Kakan waɗannan limamai shi ne Fada Brown, wanda masu karatun Faransanci suka sani da suna père Brown. G. K. Chesterton ya fito da shi a shekarar 1910, ya kuma yi ta rubuta gajerun labarai a kansa, fiye da 50, har zuwa rasuwarsa a 1936. Bayansa aka samu Cadfael na Ellis Peters daga 1977, wani mai zaman zuhudu a Shrewsbury ta ƙarni na 12, sannan Sidney Chambers na James Runcie daga 2012, wanda aka ɗora a Grantchester, ƙauye na gaske kusa da Cambridge. Labaran Chesterton na asali suna yawo daga Landan zuwa ƙasashen waje. Gidan telebijin na BBC ne, daga 2013, ya zaunar da Fada Brown a ƙauye guda na ƙage mai suna Kembleford.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne jama'a suna karanta irin waɗannan labarai don su samu natsuwa kafin barci. Ta ƙaƙa kisan kai zai zama abin kwantar da hankali? Mawaƙi W. H. Auden, wanda shi kansa ya amsa cewa ya kamu da jarabar karanta su, ya ba da amsa a wata maƙala ta 1948. A ganinsa, mai karatu yana ɗauke da nauyin laifi a zuciyarsa wanda bai san inda zai sauke ba. Labarin sai ya nuna masa gari mai tsarki, ya jefa gawa a ciki, ya sa zargi ya rataya a wuyan kowa, sannan a ƙarshe ya tattara laifin duka ya aza wa mutum guda. A fitar da shi, gari ya koma yadda yake, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Don wannan dabara ta yi aiki, dole ne mamacin ya zama wanda ba a kuka dominsa. A littafin Agatha Christie na 1930, The Murder at the Vicarage, an harbe Kanar Protheroe a ɗakin karatun limamin ƙauye, kuma tun a shafukan farko an nuna cewa kusan kowa yana fatan ya rabu da shi, har limamin kansa ya furta haka wajen cin abinci. Wanda ya taɓa zaman makoki na gaske ya san mutuwa ba ta zuwa da irin wannan sauƙi. Ko mugun mutum yana da uwa. A nan ne nake zargin wannan fanni na adabi: yana koya wa mai karatu kallon gawa kamar kacici-kacici, kuma yana tabbatar masa cewa mugunta baƙuwa ce a garin.

To me ya kawo limami cikin wannan wasa? Chesterton ya ba da labarin asalin abin a tarihin rayuwarsa. Yana da aboki, Fada John O'Connor, limamin Katolika a yankin Yorkshire. Wata rana suna tafiya, O'Connor ya bayyana masa wasu munanan halayen ɗan Adam da shi marubucin, duk da yawon duniyarsa, bai taɓa jin labarinsu ba. Da suka isa masauki, sai ya ji wasu ɗalibai biyu daga Cambridge suna tausaya wa limamin, wai bawan Allah ne da aka killace, bai san sharrin duniya ba. Mutumin da ya shekara da shekaru yana zaune mutane suna faɗa masa zunubansu a asirce! Daga wannan abin dariya aka haifi Fada Brown.

Sherlock Holmes yana duban tokar taba da sawun takalmi, yana kallon mai laifi daga waje kamar yadda ake kallon ƙwaro a cikin kwalba. Fada Brown kuwa, a wani labari na 1927, ya bayyana wa wani Ba'amurke sirrinsa: yakan shiga cikin zuciyar mai kisan ne, ya bi fushinsa da tsoronsa taki-taki, har ya iso inda zai ji cewa shi ma da zai iya aikatawa. In ya kai nan, ya san ko wane ne. Ba'amurken ya razana, kuma yana da dalili. Wannan hanya tana rusa ainihin natsuwar da Auden ya siffanta, domin in mai bincike ya samu mai kisan a cikin ransa, to fitar da mutum guda daga ƙauye ba ya tsarkake kowa.

Labarin da ya fi nuna haka shi ne The Hammer of God, cikin kundin 1911. Wasu ƴan'uwa biyu ne a wani ƙauye: Kanar Norman Bohun, mashayi mai neman matan mutane, da Wilfred, limami mai yawan ibada. An tsinci gawar Kanar kusa da maƙera, kai ya farfashe, ga wata ƴar ƙaramar guduma a gefe. Maƙerin yana da ƙarfin yin wannan bugu, yana da dalili kuma, tun da matarsa ake nema, amma ba ya gari a lokacin, kuma ƙato irinsa me zai sa ya ɗauki ƙaramar guduma ya bar manya? Matar za ta iya ɗaukar ƙarama, amma ba ta da ƙarfin bugun. Sai Wilfred ya kawo shawara cewa wataƙila Joe ne, wawan ƙauyen, wanda shari'a ba za ta rataye ba.

Fada Brown ya ja Wilfred suka hau can saman majami'ar. Daga nan mutane suna kama da ƙwari. Ya nuna masa cewa mutumin da ya saba yin addu'a a wuri mai tsawo yakan fara ganin kansa a matsayin mai hukunta na ƙasa, kuma ƙaramar guduma in ta faɗo daga wannan tsayi ta isa ta fasa kai. Wilfred ya yunƙura zai faɗa ƙasa, Fada Brown ya riƙe shi. Ya yi masa alkawari ba zai tona shi ba, ya bar masa zaɓi. Wilfred ya sauko da ƙafarsa ya miƙa kansa ga sufeton ƴan sanda.

A lura da wanda ya yi kisan. Limami ne, kuma ibadarsa ce ta kai shi. Marubucin da ya ƙare da shiga ɗariƙar Katolika a 1922 bai ɓoye wannan ba, kuma ina ganin girmansa a nan.

Sai dai akwai ƙorafi mai nauyi da ba zan tsallake ba. Wa ya ba limami izinin rufa wa mai kisa asiri? Da Wilfred ya yi shiru fa? Mu da muka tashi muna jin cewa rufin asiri ado ne na mutumin kirki, mun kuma tashi muna jin cewa Allah ba ya yafe hakkin wani sai mai hakkin ya yafe. Jini ba na limami ba ne balle ya yafe shi. Cadfael ya ma wuce nan: a littafin Monk's Hood na 1980 ya bar wanda ya kashe mahaifinsa da guba ya tsere, bisa sharaɗin ya yi sauran rayuwarsa yana aikin alheri. Mai karatu yakan ji daɗin wannan sassauci, amma in aka duba da kyau, mutum guda ne ya zama ɗan sanda da alƙali da mai afuwa a lokaci ɗaya. Ashe shi ma ya hau saman hasumiyar.

Ana iya kare su da cewa a zamanin da aka ɗora labaran, kiran sunan mai kisa daidai yake da miƙa shi ga igiya, domin sai a 1965 Birtaniya ta dakatar da rataye masu kisan kai. Limamin da aikinsa shi ne ceton rai yana da dalilin jinkirta harshensa. Wannan hujja ta rage nauyin ƙorafin a wurina, ba ta kawar da shi ba. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne bambancin da ke tsakanin mutanen biyu. Cadfael ya yanke hukunci a madadin mai laifi. Fada Brown ya ƙi yanke komai, ya mayar wa Wilfred da nauyin abin da ya aikata, ya bar shi da shi. Ɗan sanda suna kawai yake nema, in ya samu ya rufe takardunsa. Limamin yana son mai laifin ya furta sunan da bakinsa, domin wanda aka kama da wanda ya miƙa kansa ba mutum ɗaya ba ne, ko da igiya ɗaya ke jiransu. Caca ce, kuma marubucin ne ya shirya ta yadda za a ci.

Akwai kuma wanda labarin bai tsaya a kansa sosai ba, wato Joe. Fada Brown ya lissafa wa Wilfred a matsayin ɗan hasken alheri cewa ya zaɓi ya jingina laifin ga wanda ba za a kashe ba, ya bar maƙeri da matarsa. Na sha karanta wannan wuri ina jin wani abu yana sukata. Ba za a rataye Joe ba, gaskiya ne. Amma da an ɗauke shi an kulle a gidan mahaukata, wataƙila har ƙarshen ransa, saboda wata guduma da bai taɓa ɗauka ba, kuma da ƙauyen ya koma shan shayinsa.